Lambobin Baba Mai Awo

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwajin sinadarai na sakandaren unguwar, kuma a tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa kiransa malam a cikin harabar makarantar. A takarda, shi mai kula da kayan gwaji ne: ya wanke kwalabe, ya buɗe gas, ya rufe, ya kwashe abin da yara suka fasa. Ɗalibai kuwa Baba Mai Awo suke ce masa, domin ma'aunin da ke kusurwar ɗakin a hannunsa yake. Tsohon ma'auni ne mai faranti biyu, yana zaune a cikin akwatin gilashi, da wata siririyar allura a tsakiya wadda ko numfashi ya taɓa ta sai ta yi rawa. Yaro ba ya taɓa shi. Ka kawo abinka, Baba ya ɗora a faranti, ya jera duwatsun awo da ɗan hantsaki, ya sunkuya, ya faɗi lamba. Kai naka rubutawa.

Kowace shekara, a zango na biyu, 'yan aji huɗu sukan zo kan dokokin haɗuwar sinadarai. Ta farko ta ce ba abin da ke ɓacewa a cikin haɗi, nauyin da ya shiga shi ne zai fito. Ta biyu ta ce sinadarai ba sa haɗuwa da ka, kowanne da rabon da yake shiga da shi, ko wa ya haɗa, ko a ina aka haɗa. Don yara su gani da idonsu, sai a ba kowane benci ɗan kaskon tangaran mai murfi da zirin wani farin ƙarfe mara nauyi, maganiziyam. A auna kasko, a auna shi da ƙarfen, a ɗora a wuta. Ƙarfen zai kama da wani farin haske mai kashe ido, ya sha iskar oksijin, ya koma farar toka. A sake aunawa. In an yi daidai, kowane kashi uku na ƙarfe zai ɗauki kashi biyu na iska. Uku da biyu, ba ƙari ba ragi.

A littafi ke nan. A hannun ɗan shekara goma sha biyar kuwa, in ya ɗaga murfi da yawa farin hayaƙi ya gudu da rabin tokar, in bai ɗaga ba ƙarfen ya ƙi cinyewa. A yawancin makarantu lambobin sukan fito a warwatse, malami ya yi ta kame-kame. A wannan makaranta ba haka ba. Duk shekara dokar tana fitowa tsaf a benci goma sha biyu, har malaman wasu wurare suna zuwa tambayar sirrin. Shugabannin makarantar, ɗaya bayan ɗaya, sukan ce sirrin tsabta ne da horo.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara shida ke nan rabon Baba da ganin allurar nan.

Amma ƙaryar ta girmi makantar da shekara ashirin da wani abu, kuma daga can ya kamata a fara.

Shi ma a aji huɗu ya tsaya da karatu. Shi ne na ɗaya a lissafi a shekarar da ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, aka duba gida ba a ga wani mai ƙarfi ba sai shi. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wankin mota, sannan wani maƙwabci ya samo masa aikin sharar ɗakin gwaji. Malamin sinadarai na lokacin mutum ne dogo mai zafin rai, kullum gaban rigarsa fari fat da ƙurar allo, shi ya sa yara suke ce masa Malam Alli. Daga bayan ƙofar sito, hannunsa cikin ruwan sabulu, saurayin ya yi karatun da ya kufce masa. Malam Alli zai tambayi aji, "In giram shida na ƙarfen nan ya sha giram huɗu na iska, giram tara fa?" Aji ya yi tsit. Shi kuwa tuni ya faɗa wa kwalbar da yake wankewa, "Shida." Bai taɓa bari muryarsa ta wuce ƙofar ba.

A shekararsa ta uku aka damƙa masa ma'auni, don Malam Alli ya gaji da sunkuyo. Ranar gwajin ƙarfen, wani yaro ya kawo kaskonsa, lambar ta fito ƙasa sosai. Malam Alli yana da al'adar sa irin waɗannan yara su durƙusa a gaban allo har a tashi, yana kiransu masu hannun katako. Yaron ya riga ya fara haɗiyar kuka. Baba ya kalli allura, ya kalli yaron, ya yi lissafi a kansa, ya faɗi lambar da doka ta ce ta kamata, ya ɗan rage kaɗan don ta yi kama da gaskiya.

Tausayi ne, haka yake faɗa wa kansa har gobe. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Abin da ya tafi da shi gida ran nan ba fuskar yaron ba ce. Abin da ya tafi da shi shi ne Malam Alli, mai takardar jami'a, ya ɗauki alli ya rubuta lambar a allo bai ko waiwayo ba, kuma kai arba'in suka sunkuya suka kwafa. Mutumin da ba a yarda ya tsaya a gaban allo ba ya gano cewa abin da ya fito daga bakinsa shi ake rubutawa a kai.

Daga nan abin ya zama sana'a. Shi yake yanka zirin ƙarfen da safe, taƙi ɗaya da yatsa biyu, ya goge shi har ya yi ƙyalli, kuma ya san nauyinsa kamar yadda ya san sunansa. Kasake goma sha biyun nan ya haddace nauyin kowanne. Saboda haka kafin a kunna wuta ma, ya san inda kowane benci ya kamata ya sauka. Sai ya fara rabo. Yarinyar da ke gaishe shi da safe takan sami lamba mai kyau. Yaron da ya wanke kaskonsa da kansa yakan dace da doka cif. Ɗan gidan wani da ya taɓa ce masa "kai mai shara" a gaban mutane, wannan ya sami lambarsa ta gaskiya, ya kuma sami durƙuso. Baba ya ci gaba da goge benci, bai ko ɗaga kai ba, amma ranar ya ci abincin rana da daɗi.

Malam Alli ya yi ritaya, malamai huɗu suka zo suka wuce. Ba wanda ya sunkuya ya duba allura. Wa zai tuhumi lambar da ta fito daidai?

Sai idon. Ya fara ne kamar ɗan tabon maiƙo a kan gilashi, a daidai tsakiyar duk abin da ya kalla. Ya goge tabarau, ya canza tabarau, tabon ya yi ta faɗi. Likitan ido ya haska masa fitila, ya ce tsakiyar ganin ce take mutuwa a hankali, gefe zai daɗe, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wani irin ciwo ne mai wasa da hankali: yana hango ƙofa da bango da inuwar mutum ta wutsiyar ido, amma abin da ya zuba wa ido shi ne ba ya gani. Shi dai a ransa farin hasken nan yake zargi, wanda ya shekara ashirin da biyar yana ce wa yara kada su kalla, shi kuma yana kallo. Likita ya ce ba lallai ba ne. Ya ninke takardar asibitin ya sa a ƙarƙashin katifa.

Ya san ƙa'ida. Makaho ba ya riƙe ɗakin da ke da gas da asid da yara arba'in. Ranar da aka sani, ranar zai bar ɗakin. To, sai tsohuwar ƙaryar ta zama mafaka. Kasake ya san su da yatsa: na uku murfinsa yana girgiɗi, na bakwai bakinsa ya ɗan ɓalle, na tara gindinsa kaushi. Manyan duwatsun awo ya san su da girma. Makunnin da ke sakin farantan ma'aunin kuwa rabi kawai yake murɗawa, yadda faranti ba zai buga ya tona shi ba. Kwalaben sito ya ɗaura musu zare a wuya, ƙulli ɗaya asid mai ƙarfi, ƙulli biyu mai sauƙi, uku ruwan gishiri. Ya sunkuya a gaban allurar da ba ya gani, ya ɗan yi jim kamar mai tantancewa, ya faɗi lamba.

A gida ne kawai ake kiransa malam, matarsa ce mai kiran, kuma rabinsa tsokana ne. Bai taɓa gaya mata ba. Ita ma ba ta tambaya ba, sai dai ta daina matsar da kujeru, kuma kofin shayinsa kullum a gefen dama na tabarma, hannun kofin yana kallonsa.

"Malam, rigar a baibai take," in ji ta wata safiya.

"Yayi ne. Ke ba ki fita gari."

"Yayin ya shekara biyu ke nan yana zuwa duk Talata. Juyo nan." Ta cire masa rigar ta juya. Tana ɓalle maɓallai ta ce, "Ka gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Abin da ka ƙi gaya mini."

Ya lalubo agogon da ba ya iya dubawa amma yake ɗaurawa. "Saura shekara huɗu in yi ritaya, Maman yara. In na bar ɗakin nan yanzu, ni wane ne? Tsoho a bakin ƙofa yana ƙirga babura da kunne."

"Da dai kana nan da yatsunka goma."

"Ba abin da zai same ni. Ai mu a ɗakinmu doka ta ce ba abin da ke ɓacewa, sai dai ya sake kama."

"To ina kyawuna ya tafi?"

"Yana wurin 'yarki."

"Naka fa?"

"Nawa ba a taɓa samun abin aunawa ba."

Ta yi dariya, ta tura shi ƙofa. Sai da ya kai kwanar layi ta daina kallon bayansa.

A farkon shekarar da muke magana aka kawo sabuwar malamar sinadarai, matashiya mai saurin tafiya. Ranar farko ta shigo sito ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, ba ka gane ni ba? Benci na biyar, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ni ce mai wanke kaskona."

Muryar ya gane. "Malama, sannu da zuwa."

"Haba Baba, ni ce Malama a bakinka?"

"A ɗakin nan kowa da matsayinsa."

Ta zaro wani tsohon littafin rubutu daga jaka, ta buɗe, ta miƙa masa. Ta ce duk inda ta je da shi take tafiya. A gidansu lokacin, in ji ta, kullum rigima, yau an ce kaza gobe an ce ba a ce ba. Sai ranar ta ƙona ƙarfe da hannunta, ta yi lissafi, ya fito uku da biyu cif, kamar yadda wani mutum da ba ta sani ba ya rubuta tun kafin a haifi kakanta. "Ranar na san akwai abin da ba ya canza magana. Shi ya sa na bi wannan layi. Lambar da ka karanta mini ce, Baba."

Ya riƙe littafin, ya ɗan karkata kai gefe. Fari kawai yake hangowa. "Rubutunki mai kyau ne tun da," ya ce, ya mayar mata.

Zango na biyu ya zo. Ranar Laraba 'yan aji huɗu, rukuni na farko, suka shigo, aka raba kasake, aka kunna wuta. Ɗakin ya cika da warin gas da surutu. A benci na uku akwai wata 'yar ƙaramar yarinya da 'yan aji suke kira Rawar-kai, domin ba ta taɓa ɗaukar abu ya isa inda za shi lafiya. Ƙarfenta ya ƙone da kyau. Da kaskon ya huce ta ɗauko shi da awartaki, gwiwar hannunta ta bugi famfo, kaskon ya karkace, tokar gaba ɗaya ta zube ƙasa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta taka tokar da takalmi, ta mayar da murfi, ta shiga layin awo.

Malama ta gani daga ƙarshen ɗakin. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta ga gara a bar ma'auni ya kama yarinyar, aji ya koyi wani abu. Ta zo ta tsaya a bayan Baba.

Ya karɓi kaskon, babban yatsansa ya bi bakin. Na bakwai. Ya ɗora, ya jera duwatsu, ya murɗa makunni rabi, ya sunkuya. Allurar ta kwanta can gefe ɗaya, ko mai rabin ido zai ce ba daidai ba.

"Ashirin da ɗaya, ɗigo shida tara," in ji Baba.

Rawar-kai ta tsaya da biro a sama. "Baba, ka tabbata?"

"Ke za ki koya mini awo? Tun ba a yi auren uwarki ba nake wannan aiki. Matsa, na baya ya zo."

Aji ya kwashe da dariya. Yarinyar ta rubuta, ta koma bencinta tana waiwaye. Malama ba ta gusa daga bayan Baba ba. Ta tsaya a nan har aka auna sauran tara, tana kallon allura tana jin lambobi.

Da aka tashi, ta tura ƙofa ta rufe. Yana wanke kasake a bakin famfo, ya ji ƙarar alli a allo.

"Baba, karanta mini abin da na rubuta."

"Allin nan na bana ba shi da kyau. Na gaya wa ofis."

"Da girman tafin hannu na rubuta."

"Hannuna da sabulu, Malama."

"Da ido ake karatu." Muryarta ba ta tashi ba. "Kasko na bakwai ba komai a cikinsa. Tokar tana ƙarƙashin benci na uku, da sawun takalmi a kai. Ka auna iska ka ba ta nauyin doka."

Ruwan ya ci gaba da zuba. Ya kai hannu ya rufe famfon, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Shekara shida."

"Zaren da ke wuyan kwalabe, na ɗauka tsohuwar al'adarka ce." Ta ja kujerar ɗalibi ta zauna. Can ta ce, "Shekara shida. To nawa ya tsira. Lokacin kana gani."

Ga ƙofa ta buɗe masa da kanta, abin da ya rage kawai ya ce e. Ya daɗe yana juya abin daga baya, ya kasa gane dalilin da ya sa bai bi ta ba. Wataƙila ya gaji. Wataƙila kuma, kuma wannan ya fi muni, yana so ko sau ɗaya wani mai ilimin abin ya san irin aikin da kansa ya yi shekara ashirin da takwas, ba alli ba takarda.

"Lokacin ina gani," ya ce.

"Amma?"

"Kin ɗaga murfi da yawa. Ina kallonki, kina son ki ga hasken. Hayaƙi ya tafi da kusan rabi. Ashirin da ɗaya, ɗigo shida ɗaya allura ta nuna."

"Ka ce ɗigo bakwai."

"Na ce."

"Har yanzu kana tune da ita."

"Ta kowa ina tune da ita. Ta gaskiyar."

"Don me, Baba?"

"Kina wanke kaskonki."

Ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Wato ladan wanke-wanke na ɗauka na je na yi shekara huɗu a jami'a a kansa."

"Dokar gaskiya ce, Malama. Ban ƙirƙire ta ba. Na dai taya ta fitowa."

"Ba ta nemi taimakonka ba."

Ya tsaya da tsumma a hannu.

"Ba zan kai ka ofis ba," ta ce daga ƙarshe. "Ba zan iya ba. Amma ba zan iya sa yara arba'in kusa da asid ina dogara da ƙullin zare ba. Ran da zare ya tsinke fa? Kai za ka je da ƙafarka. Na ba ka zuwa Laraba mai zuwa."

"Shekara huɗu kawai suka rage mini, 'yata. Zan bar ma'aunin. Zan tsaya a wanke-wanke. Ko shara."

Shi ne karo na farko da ya kira ta haka, kuma dukansu sun san dalili. Ta miƙe, ta goge allon.

"Laraba, Baba."

Makon nan bai gaya wa matarsa komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, sai dai ta lura ya daina tsokanarta. Yana zuwa aiki da wuri, ya goge bencin da ya riga ya goge. Ya tsara maganganu iri-iri a ransa: cewa Malama yarinya ce ba ta san aiki ba, cewa hasken taga ne ya ruɗe shi ranar. Ya san shugaban zai yarda da shi, shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce. Har ranar Talata da yamma wannan shawarar ce a ransa.

Laraba da safe 'yan aji huɗu, rukuni na biyu, suka shigo yin gwajin. Malama ta buɗe akwatin gilashin da kanta.

"Yau kowa shi zai karanta nasa," ta ce. "Baba zai huta."

Ya koma sito ya zauna a kan kujerarsa, a bayan ƙofar da ya yi karatu. Yana jira ya ji abin da ya sani: lambobi a warwatse, aji ya yi sanyi, wani ya ce ashe littafi ƙarya yake yi.

Lambobin kuwa sun warwatse. Ɗigo shida biyu. Ɗigo biyar tara. Wani benci ma tokarsu ta fi ƙarfen sauƙi. Malama ta jera su a allo, ta ce, "To. Littafi ya ce uku da biyu, ku kun ce a'a. Wa ke ƙarya?"

"Ma'aunin ne ya tsufa," in ji wani daga baya.

"Kai ne ka tsufa. Duba murfinku, ko rufewa ba ku yi ba," wata ta mayar masa.

"Malama, hayaƙin nan da ya fita, shi ma toka ne?"

"Me ka gani?"

"Fari ne kamar ita. Ga shi ma ya manne a awartaki."

"In toka ne, ina nauyinsa yake yanzu?"

"A silin."

"A hancin wannan, shi ya fi kowa leƙawa."

Aka yi dariya. Wani ya ce to ai dokar farko ba ta karye ba ke nan, nauyin yana nan, ba ya cikin kasko ne kawai. Wata ta ce a bar su su sake, a wannan karon za su riƙa ɗaga murfin kaɗan kaɗan. Benci biyar suka ce su ma. Aka buga ƙararrawar tara, ba wanda ya fita. Malama ta leƙo sito.

"Baba, akwai sauran ƙarfe?"

Ya yanka musu, taƙi ɗaya da yatsa biyu, guda shida, ya goge kowanne. Ya koma ya zauna. Bayan kusan rabin awa ya ji wata murya ta ce, "Ɗigo shida bakwai. Malama, mun matso." Benci gaba ɗaya suka hau buga tebur saboda lambar da shi a da ba zai taɓa ba yaron da yake so ba, don ta yi ƙasa.

A shekara talatin da ɗaya bai taɓa jin ɗakin nan da irin wannan hayaniya ba. Ajin da ya sani yakan rubuta lamba, ya raba, ya sami uku da biyu, ya rufe littafi, ya fita cin abinci. Ya zauna yana lissafi, don kansa ba ya iya daina lissafi: benci goma sha biyu, aji biyu, shekara ashirin da takwas. Yara nawa ke nan da ba a bari sun tambayi inda hayaƙin ya tafi ba.

Ya tashi ya cire farar rigar aiki, ya rataye ta a ƙusa. Ya bi ta ƙofar baya, hannunsa yana shafar bangon baranda, ya wuce ajujuwa uku da ɗakin malamai.

Shugaban makarantar yana waya lokacin da ya shiga. Ya yi masa nuni da kujera, nunin da Baba ya hango ta gefen ido. Da ya gama ya ce, "Baba Mai Awo da kansa. Lafiya? Ko gas ya ƙare?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ajiye aiki na zo yi."

"Ajiye aiki? Ana zaune ƙalau? Ko yarinyar nan ce ta yi maka rashin kunya? Ka faɗa mini, yanzu in kira ta."

"Ba ta yi mini komai ba. Malama ce ta gaske, ku riƙe ta."

Shugaban ya yi ta lallashi, ya ambaci sunan da makarantar ta yi, ya ce ɗakin nan ba zai sake zama yadda yake ba. Baba ya ce haka ne. Da ya ga tsohon ba zai juya ba, sai ya jawo aljihun tebur, ya zaro takarda, ya tura masa tare da biro.

"To, ka cike wannan. Layi na uku dalili ne, ka rubuta shi a taƙaice."

Baba ya ɗauki biron. Ya ja takardar gabansa, ya sunkuya a kanta, ya ɗan yi jim kamar mai tantancewa. Shugaban yana jira. Sai ya ɗago, ya ajiye biron a hankali, ya mayar da takardar ɗaya gefen teburin.

"Karanta mini, ranka ya daɗe," ya ce. "Ba na gani."